Yadda Za Ka Zana Taswirar Wuraren da 'Yan Ƙungiya Suka Yi Aiki a Tsohon Birni

Ranar 23 ga Fabrairu, 1905, mutum huɗu suka zauna a ɗaki mai lamba 711 cikin wani dogon bene da ake kira Unity, a kan titin Dearborn na birnin Shikago a Amurka. Paul Harris lauya ne, Silvester Schiele dillalin kwal, Hiram Shorey tela, mai ofishin kuma, Gustavus Loehr, injiniyan ma'adinai. Daga wannan zama ƙungiyar Rotary ta samo asali. Sunan ma daga yadda suke kewayawa da taron aka ciro shi, yau a ofishin wannan, wani makon a na wancan.

To, a ce kana so ka ɗiga wannan ɗaki a taswira. Takardun wancan lokaci za su ce maka lamba 79, titin Dearborn. Bayan 'yan shekaru hukumar birnin ta sake wa gidaje lamba, benen ya koma 127, Dearborn ta Arewa. A 1989 aka rushe shi gaba ɗaya. Kayan ɗakin kuwa 'yan ƙungiyar sun kwashe su, daga baya aka sake shirya ɗakin a hedikwatarsu da ke garin Evanston. Ka ga ɗaki ɗaya, lamba biyu, ginin babu shi, kujerun suna wani gari. Kuma wannan shi ne ɗakin da ya fi kowanne suna a tarihin ƙungiyar. Ina ga shagon wani mai sayar da fenti da ya yi shekara shida yana biyan kuɗin ƙungiya sannan ya ɓace daga littafi?

Kowane ɗigo da za ka sa a taswira magana ce kake yi da bakinka: wane ya yi aiki a nan, a shekara kaza, ga takardar da ta faɗa. Duk ɗigon da ba zai iya amsa waɗannan ba, ado ne kawai. Shi ya sa mafi yawan aikin a jadawali yake, zanen kansa na ƙarshe ne kuma shi ya fi sauƙi.

Mataki na 1: Ka tsayar da tambaya, ka shata iyaka

Kafin ka buɗe kowace manhaja, rubuta tambayarka a jimla ɗaya. "Ina mambobi suka yi aiki?" ta yi faɗi, ba za ta gaya maka lokacin da ka gama ba. Gara irin wannan: "Cikin shekara talatin, wuraren aikin mambobi sun tsaya a tsakiyar birni ko sun bi sababbin unguwanni?" Ko kuma: "Shugabannin ƙungiyar daga titi ɗaya suke fitowa?"

Kada ka ɗauki kowace shekara. Ƙungiya mai mutum 200, cikin shekara 40, layi 8,000 ke nan, kuma yawancinsu maimaici ne. Zaɓi shekaru uku ko huɗu masu tazarar kamar goma-goma, waɗanda kake da cikakken jerin mambobi a cikinsu. In akwai wani babban abu da ya auku a birnin, gobara ko yaƙi ko buɗe sabuwar tashar jirgin ƙasa, sa shekara ɗaya kafinsa, ɗaya bayansa.

Sannan ka yanke abin da kake nufi da "wurin aiki", ka rubuta shi, ka tsaya a kai. Mai masana'anta a bakin gari wanda ofishinsa ke tsakiyar birni, ina za ka sa shi? Likitan da yake duba marasa lafiya a gidansa fa? Wanda ya yi ritaya amma ba a cire shi daga rajista ba? Ni dai ra'ayina, ka rubuta duk wuraren da ka samu, kowanne da layinsa, amma ka yi wa ɗaya alamar cewa shi ne babba. Zaɓin da ka yi ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce ka yi wani hukunci a kan mamba na 12, ka yi kishiyarsa a kan na 140, ba ka sani ba.

Mataki na 2: Tattara takardu

Fara da na ƙungiyar kanta: rajistar mambobi, littafin biyan kuɗi, rahoton zaman taro, mujallar ƙungiya, takardun neman shiga. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin su Rotary, da Kiwanis da aka kafa a Detroit a 1915, da Lions da Melvin Jones ya kafa a Shikago a 1917, sukan sauƙaƙa wa mai bincike. Rotary tun farko ta ɗauki tsarin mutum ɗaya daga kowace sana'a, don haka rajistarta kan nuna sana'ar mamba da wurin da yake yin ta. Ƙungiyoyin mata, na karatu, da na taimakon juna sau da yawa adireshin gida suke rubutawa, domin can ake aika takardar gayyata. Ka lura da wannan tun wuri. Ba abin da ke ɓata irin wannan taswira kamar gwamutsa gidajen kwana da wuraren aiki a ƙarƙashin launi ɗaya.

Bayan nan sai kundin adireshi na birni, wanda ake bugawa shekara-shekara a manyan birane da dama tun kafin zuwan littafin lambobin tarho. A Ingila na Kelly ne ya fi shahara. Da yawa daga cikin irin waɗannan kundaye an ɗauki hotonsu an sa a Internet Archive da HathiTrust, wasu kuma sai ka taka zuwa laburaren birnin. Abu biyu ka riƙe game da su. Na farko, ana tattara bayanin ne watanni kafin a buga, saboda haka kundin da aka rubuta wa 1925 sau da yawa halin ƙarshen 1924 yake nunawa. Na biyu, wasunsu suna da sashe na musamman da aka jera bisa titi, gida bayan gida, har da inda wani titi ya ratsa. Wannan sashe ya fi na sunaye amfani nesa ba kusa ba, za ka ga dalili a mataki na 4. Karanta shafin taƙaitattun kalmomi da ke farkon kundin kafin ka fara kwafa, domin a can ake bambanta alamar gida da ta wurin aiki da ta ɗan haya.

Sauran takardun na cike giɓi ne: tallace-tallacen jarida, sanarwar rasuwa, kan wasiƙar kamfani, rajistar kasuwanci, takardun ƙidayar jama'a. Duk shafin da ka ɗauki hotonsa, ka ɗauki bangon littafin tare, ka sa wa fayil suna mai shekara da lambar shafi. Wata uku nan gaba ba za ka tuna daga ina hoto mai lamba 4417 ya fito ba.

Mataki na 3: Gina jadawalin

Ƙa'idar ita ce layi ɗaya ga mutum ɗaya, a wuri ɗaya, a shekara ɗaya. Wanda ya bayyana a shekaru uku, layi uku gare shi. Ginshiƙan da ba za a rasa ba su ne: lambar da ka ba mamba, sunansa, shekara, sana'a, sunan kamfani, adireshi yadda takarda ta rubuta shi, adireshin a yau, latitud da longitud (lambobi biyu da ke nuna wuri a taswira), matakin tabbas, tushe da lambar shafi, sai gurbin sharhi.

Ginshiƙin "yadda takarda ta rubuta" haramtacce ne ga gyara. Ko kuskuren bugu ka gani, bar shi, ka yi gyaranka a ginshiƙin da ke kusa. Ranar da wani ya ƙalubalance ka, ko kai da kanka ka fara shakka, nan za ka koma.

Lambar mamba kuwa saboda masu suna ɗaya ne. Na taɓa haɗe uba da ɗa, suna ɗaya, sana'a ɗaya, sai taswira ta nuna mutum guda ya shekara sittin da wani abu yana aiki, ya yi ƙaura sau biyar. Sanarwar rasuwar uban ce ta raba mini su. Tun daga ranar ba na yarda cewa suna biyu mutum ɗaya ne sai abu biyu sun dace bayan sunan, misali kamfani da adireshin gida.

Matakin tabbas ka yi shi hawa huɗu. A: na ga ginin kansa a tsohuwar taswira ko yana nan tsaye. B: na san tsakanin waɗanne tituna biyu yake da kuma wane gefe. C: titin kawai na sani. D: ban samu ba. Waɗanda suka faɗa D ba a share su, suna nan cikin jadawali ba lambobin wuri, za a ƙirga su a ƙarshe.

Ƙananan tarkuna: Excel da ire-irensa kan ga adireshi kamar 12-3 su mayar da shi kwanan wata ba su tambaye ka ba, don haka ka saita ginshiƙin a matsayin rubutu kafin ka fara shigarwa. In za ka fitar da jadawalin a fayil ɗin CSV, wato tsantsar rubutu da manhajojin taswira ke karantawa, zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, in ba haka ba haruffa masu alama a kai za su koma shirme. In kuma layukan sun yi yawa, manhajar OpenRefine, wadda kyauta ce, tana iya tattaro maka rubutun da suka yi kama da juna, ka ga titi ɗaya da aka rubuta iri biyar, ka daidaita su a tashi ɗaya. Manhajar da ke karanta rubutu daga hoto tana taimakawa, amma a tsohon bugu takan rikita 3 da 8, 1 da 7. A adireshi, wannan ƙaura ce zuwa wata unguwa. Duba kowace lamba da idonka.

Mataki na 4: Fassara tsohon adireshi

A nan ne aikin yake, a nan ne kuma mutane ke gaggawa su yi kitso da kwarkwata. Tsohon adireshi yana iya yaudararka ta hanya huɗu.

Sunan titi ya canza. Titin Broad na unguwar Soho a Landan, inda John Snow ya ɗiga mace-macen kwalara a kewayen famfon ruwa a annobar 1854, tun 1936 sunansa Broadwick. Wanda ya rubuta tsohon sunan a manhajar taswira ta yau, wani titin daban za a kai shi, a wani gefen birnin, kuma manhajar ba za ta nuna wata damuwa ba. Biranen da suka ga juyin mulki ko samun 'yancin kai sun fi fama da wannan, titi ɗaya ya yi suna uku cikin ƙarni guda. Haka nan in birni ya haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da shi, sai a wayi gari da tituna shida masu suna ɗaya, hukuma ta sake wa biyar.

Lambobin gidaje sun canza. Shikago ta yi nata a 1909 bisa tsarin da Edward Brennan ya daɗe yana fafutuka a kai, aka ɗauki mahaɗar titin State da Madison a matsayin mafari, aka ba yawancin birnin lamba 800 a kowace mil. Tsakiyar birnin sai 1911 aka sake mata. Wato a 1910 sabon tsari da tsoho suna aiki tare a birni ɗaya, ya danganta da unguwa. Wannan ya fi canjin suna haɗari, domin tsohuwar lambar takan wanzu a yau a kan titin, a wani wuri daban. Manhaja za ta ba ka ɗigo mai kyau, a kan titin da ya dace, a inda mutumin bai taɓa zama ba.

Tsarin lambar ba irin wanda ka saba ba ne. A wasu tsofaffin titunan Balin lambobi suna tafiya a jere ta gefe ɗaya har ƙarshen titi, sannan su juyo ta ɗaya gefen, ta yadda ƙaramar lamba za ta fuskanci mafi girma. A Fulorans ta Italiya lamba iri biyu ce a titi ɗaya: ja na wuraren kasuwanci, baƙa ko shuɗiya ta gidaje, kowacce da jerinta. Mai taswirar wuraren aiki da bai san wannan ba, duk shagunan zai kai su ƙofar gidajen wasu.

Titin ya ɓace. An rushe unguwar an shimfiɗa babbar hanya, ko tasha, ko filin ajiye motoci.

Maganin biyun farko, fara neman littafin sauyi. Hukumomi da masu buga kundin adireshi sukan fitar da jerin tsohon suna da sabo, tsohuwar lamba da sabuwa. Na Shikago yana nan ana samunsa. In babu, ka gina naka, kuma ba wuya. Ɗauki kundin shekarar da ta gabaci sauyin da na wadda ta biyo baya, buɗe titi ɗaya a duka biyun, nemo wuraren da ba sa ƙaura da sauƙi: banki, otal, kantin magani, wurin ibada. Bankin da yake lamba 40 bara, bana yana 212, bai motsa ba, lambarsa ce ta motsa. In ka sami irin waɗannan biyar ko shida a tsawon titin, sauran za su faɗa tsakaninsu. A nan ne sashen kundin da aka jera bisa titi yake biyan kuɗin sabulu, domin yana gaya maka cewa lamba 58 tana bayan mahaɗar titi kaza, kafin ta titi kaza. Ko ba ka sami ginin ba, ka sami matakin B.

Wani lokaci takarda ba ta ba da lamba sam, sai sunan gini, ko "daura da tasha", ko akwatin gidan waya. Sunan gini abu ne mai kyau, yawanci kundin yana da jerin manyan gine-gine da adireshinsu. Akwatin gidan waya kuwa ba wurin aiki ba ne. Kada ka ɗiga shi a kan gidan waya, za ka ƙirƙiri cunkoson da bai taɓa faruwa ba. Sa shi D har sai wata takarda ta yi magana.

Ka buɗe jadawali na biyu don wannan aiki, tsohon adireshi, sabon adireshi, da hujja. Mambobi goma na iya zama a gini ɗaya, ba dalilin ka warware shi sau goma.

Mataki na 5: Ɗora tsohuwar taswira a kan ta yau

Inda titi ya ɓace, sai tsohuwar taswira. Mafi daraja su ne waɗanda aka zana wa kamfanonin inshorar gobara: na Sanborn a Amurka, na Charles Goad a Kanada da Birtaniya da wasu wurare. Taswirar Sanborn yawanci ƙafa 50 ce a inci ɗaya, wato 1:600, kowane gini da siffarsa, da yawan hawansa, da lambarsa a bakin titi, wani lokaci har da abin da ake yi a ciki. Launi na nuna kayan gini: ruwan hoda jan bulo, rawaya katako, shuɗi dutse. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa dubbansu a intanet. Laburaren Ƙasa na Sikotland da tarin David Rumsey su ma taskoki ne na tsofaffin taswirori. Inda babu na inshora, nemi taswirar ofishin safiyo ko ta filaye.

Hattara da abu ɗaya. Kamfanin Sanborn ba kullum yake sake buga littafi ba, yakan aiko da ƙananan takardun gyara a liƙa a kan tsohon shafi. Don haka littafin da bangonsa ya ce shekara kaza yana iya ɗauke da gine-ginen shekara ashirin bayan haka. Duba shafin farko, akan rubuta ranakun gyara.

Aikin ɗorawar a QGIS ake yi, manhaja ce ta kyauta, tana da sashen da ake kira Georeferencer. In ba ka son saukar da komai, Map Warper da Allmaps suna yin irin wannan a intanet. Dabarar ɗaya ce: ka danna wuri a tsohuwar taswira, ka danna wurin nan a ta yau, ka ce wa manhaja nan shi ne nan. Lissafin da aka saba amfani da shi yana buƙatar aƙalla maki uku, wato irin waɗannan wurare da ka haɗa, amma sa takwas zuwa goma, ka warwatsa su har kusurwoyi huɗu. In ka tara su a tsakiya, gefunan za su karkace ba ka lura ba.

Zaɓin makin shi ne gwaninta. Kusurwar tsohon ginin dutse da ka tabbata bai motsa ba ta fi komai. Tsakiyar mahaɗar tituna ta fi bakin titi, domin akan faɗaɗa titi a ci gefe ɗaya. Bakin kogi, gaɓar teku da bishiyoyi kada ka kusance su, ruwa na ci, mutane na cikewa. Manhajar za ta nuna maka kuskuren kowane maki. Wanda ya yi wa sauran nisa, kada ka goge shi don lissafi ya yi kyau, je ka duba, wataƙila an matsar da titin ne. Da ka gama, rage duhun tsohuwar taswirar zuwa rabi, ka bi tituna da ido ka ga ko sun hau kan juna. Gani ya kori ji.

Mataki na 6: Sa ɗigo

Akwai manhajojin da ke karɓar adireshi su mayar maka da latitud da longitud. Nominatim, wadda ke aiki da bayanan taswirar intanet ta OpenStreetMap, kyauta ce, amma ƙa'idarta kada ka wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa. Sabon adireshin da ka fassara za ka ba ta, ba tsohon ba. Kuma ka sani in ta rasa lambar gida takan ajiye ka a tsakiyar titi, in ta rasa titin ta ajiye ka a tsakiyar gari. In ka ga ɗigo ashirin sun hau kan wuri ɗaya a cibiyar birni, kafin ka yi murnar gano wani abu, duba ko waɗanda ta rasa ne.

In wuraren ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, shawarata ka sa su da hannu, a kan tsohuwar taswirar da ka ɗora. Zai ci maka kwanaki, amma za ka fito ka san birnin kamar tafin hannunka, kuma kurakuran da za ka kama a hanya sun fi lokacin daraja.

Ajiye latitud da longitud a tsarin lambobin wuri da ake kira WGS 84, wanda QGIS ke kira EPSG:4326. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, don haka lamba biyar bayan ɗigon lissafi (irin na tsakiyar 41.88) ta kai ka kusan mita ɗaya. Abin da ya wuce haka ƙarya ce mai kama da ƙwarewa. In kana shigar da CSV cikin QGIS, gurbin X longitud ne, gurbin Y latitud. Tsakiyar Shikago tana wajen 41.88 da -87.63. Juya su, mambobinka su faɗa kan ƙanƙarar Antatika. Manta da alamar ragi, su bayyana a yammacin ƙasar Sin. Bar gurbin da sifiri, su taru a cikin ruwan mashigin tekun Gini. Irin wannan kuskuren ma gara shi, yana ihu. Mai kashe aiki shi ne na mita 300, wanda ba ya nuna kansa.

Mataki na 7: Zanen

Matsala ta farko, benaye. Lauyoyi goma sha biyu a gini ɗaya za su fito ɗigo ɗaya, daidai da mai shago guda a bakin gari. Ƙirga mambobi a kowane gini, ka bar girman da'ira ya nuna yawansu, kuma faɗin cikin da'irar ne zai bi adadin. In ka ninka tsawon tsakiyarta biyu don mutum biyu, ido zai ga huɗu.

Sana'o'i ka tara su rukuni biyar ko shida, ido ba ya riƙe launi goma sha biyar. Matakin tabbas ya fito a zanen: A cikakken ɗigo, B ɗigo mai haske, C zobe marar ciki. Kowace shekara da taswirarta, duka a ma'auni ɗaya da iyaka ɗaya, a jera su gefe da gefe. A ƙasan kowacce ka rubuta: mambobi kaza, an sa kaza, ba a sami kaza ba.

Don rabawa a intanet, Google My Maps ya isa ƙaramin aiki, yana karɓar shimfiɗa goma, wato rukunin ɗigo goma, kowacce layi 2,000. uMap ma yana yin irin wannan aiki, a kan OpenStreetMap. Na bugawa a takarda kuwa QGIS.

Mataki na 8: Karanta abin da ka zana, da taka-tsantsan

Kusan tabbas za ka ga ɗigo sun taru a tsakiyar birni. Wannan ba labari ba ne, can kasuwanci yake. Tambayar ita ce ko sun fi sauran 'yan kasuwar birnin taruwa. Hanyar sani, ka ɗebo misali daga kundin shekarar, kamar kowane kamfani na hamsin a jerin, ka ɗiga su da launin toka a ƙarƙashin na mambobi. Unguwar da toka ta cika amma babu mamba ko ɗaya, nan ne abin tambaya yake. Wa ke kasuwanci a can, me ya hana su shiga, ko me ya hana a shigar da su?

Ka tuna kuma ƙa'idar shiga ita ta zana rabin taswirar kafin ka zo. Rotary ba ta karɓar mata sai bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1987, kuma a 1989 ta gyara dokarta ga duniya baki ɗaya. Taswirar mambobinta ta 1950 ba ta cewa komai game da inda mata ke sana'a a birnin. Ƙungiyar da ke taron cin abincin rana a tsakiyar mako kuwa, da ma wanda zai iya barin wurin aikinsa ya dawo cikin awa biyu ne zai daɗe a cikinta. Sa wurin taron a taswira, ka auna nisan kowa daga can. In wurin taron ya ƙaura, duba ko mambobi ne suka ja shi ko shi ya ja su.

Waɗanda suka faɗa D ma ka dube su da kyau. Ba a warwatse suke ba. Sau da yawa masu ƙananan sana'o'i ne, ko na unguwannin da aka rushe, ko na bayan gari inda ba a sa lamba ba. In kashi ɗaya cikin biyar ba su hau taswira ba kuma duk irin mutane ɗaya ne, taswirarka ta fi ƙungiyar kama da ta masu kuɗi. Faɗi haka a rubuce.

Mataki na 9: Kai wa masu shi

Kafin ka saki komai, nemi izinin ƙungiyar in takardunta ne, ka duba sharaɗin laburaren da ka ɗauko taswira. Shekarun da mambobinsu ke raye ko 'ya'yansu na zaune a gidajen, kada ka fitar da adireshin gida ko kaɗan, na aikin ma ka iya tsayawa a matakin titi.

Sai ka buga taswirar babba a takarda, ka shimfiɗa ta gaban tsofaffin mambobi da iyalan waɗanda suka rasu, ka ba su fensir. Da ɗan gari akan ci gari. Wani zai ce ai shagon ba a wannan kwanar yake ba, a ta tsallake yake, ƙofarsa ta lungu. Kada ka matsar da ɗigon nan take, kada kuma ka yi watsi da maganar. Buɗe sabon layi, ka rubuta tushen "hira", da ranar, da shekarun da mai maganar yake nufi, domin sau da yawa ku biyun kuna da gaskiya, shi yana tuna wurin da aka koma ne bayan shekarar da ka ɗiga.

Abin da za ka damƙa wa ƙungiyar ko laburare guda huɗu ne: jadawalin mambobi a CSV, jadawalin fassarar adireshi, tsofaffin taswirorin da ka ɗora tare da fayil ɗin makinsu, da shafi ɗaya da ke bayyana hukuncin da ka yanke a mataki na 1 da ma'anar A, B, C da D. Ajiye kwafi a wuri biyu daban, ɗaya daga ciki ba a kan shafin da taswirar take ba.